Dutsen da Ke Ƙasan Rijiyar Baffa

Na san kun ji magana iri-iri a kan abin da ya raba ni da aikin kamfanin mai. Wasu a dangi sun ce kora ta aka yi. Wasu sun ce ruwan saman Fatakwal da sauronta ne suka fi ƙarfina na gudo. Ban taɓa tsayawa gyara wa kowa ba, domin a lokacin ina da abin yi. Yanzu da ƙafa ta yi nauyi, ido kuma ya fara ragewa, gara ku ji daga bakina, ku ma ku gaya wa naku 'ya'yan yadda aka yi.

A rugarmu da ke gabas da Zandam, cikin ƙasar Gwaram, aka haife ni. Kakanku, wanda kowa ke kira Baffa, yana da shanu yana kuma noma. Hausa muke yi a gida, Fulatanci sai in manya za su yi maganar da ba su son yara su ji. Wana Buba, wanda muke ce wa Hamma, shi ne babba, kuma tun yana ƙarami ya san kowace saniya da halinta. Da aka zo daga wurin hakimi ana neman yaro ɗaya a kowane gida don makaranta, Baffa bai yi dogon tunani ba. Ya riƙe wanda ya san shanu, ya ba da ni. Haka na tsinci kaina a Birnin Kudu, garin da duwatsu suka kewaye, manya-manya, wani a kan wani kamar da hannu aka ɗora. Ranar da babu karatu a kansu nake wuni. Daga nan ne son abin ya shige ni, har ya kai ni jami'a na karanta ilimin duwatsu da ƙasa. Da na gaya wa Baffa abin da nake karantawa, ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Manu, dutse ma sai an je makaranta ake saninsa?"

Bayan an gama yaƙin basasa kamfanin mai ya ɗauke ni. Aikina a bakin injin haƙa yake. Duk ɓarɓashin da ƙarfen ya tauno daga can ƙasa, laka takan kawo shi sama, in tara, in wanke, in sa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu in faɗi abin da muke ratsawa, yashi ne ko laka ce da ta daskare, ko wani abu dabam. A nan na gani da idona abin da na karanta a takarda, cewa ƙasa hawa-hawa take, kuma kowane hawa akwai abin da ya shimfiɗa shi. An ba ni gida mai famfo da lantarki. Na auri mahaifiyarku Hajara na kai ta can. Abokan karatuna da muka shiga tare, kun san wasunsu, kun kuma ga gidajen da suka gina a Kano daga baya.

Shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, damina ta ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Na samu hutu da rani, muka taho gida ni da Hajara, tana ɗauke da cikin babbarku. Tun daga Birnin Kudu na fara ganin gawar shanu a gefen hanya. Da muka isa ruga, da ƙyar na gane garkenmu. Shanun da na bari suna sheƙi sun koma haƙarƙari da ƙaho. Tafki ya tsage. Tsohuwar rijiya taɓo take bayarwa, shi ma sai an jira. Mata suna tafiya har kogi su tona rairayi da ƙwarya su zauna gadin abin da zai tsatso. Harawa da ƙaiƙayi akwai ɗan saura, ana kuma sassaƙo ganyen itatuwa, amma ruwa shi ne ya gagara. An yi alkawarin injin haƙa na gwamnati zai zo, to ƙasar gaba ɗaya jiransa take yi.

Baffa bai zauna jira ba. Ya aika Wurno aka ɗauko Malam Idi, mahaƙin rijiya da ya yi suna a ƙasar nan, dattijo gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya magana sai ta kama. Shi da mutanensa suka buɗe sabuwar rijiya a kwarin da ke bayan tsamiya, suka yi nisa ƙwarai. Ana saura 'yan kwanaki in iso, daginsa ya daki dutse. Washegarin zuwana, bayan an tatsi abin da bai cika ƙwarya ba, Baffa ya tara mu a inuwar rumbu, har da Inna mahaifiyarmu, aka kira Malam Idi.

Malam Idi ya ce, "Baffa, ni dai gaskiya zan gaya maka. Na kai uwar dutse. A ƙasarmu in ka ji wannan ƙara, ka naɗe igiyarka. Na sha gwadawa ina saurayi, ban taɓa samun komai ba sai ciwon kafaɗa."

Hamma Buba ya ce, "To kun ji. Mutanen rugar gaba sun tashi tun wancan watan. In muka ƙara jinkiri, shanun nan ko Bauchi ba za su kai ba. A ɗaura kaya mu yi kudu."

Inna ta ce, "Ku yi kudun. Ni a nan na binne uwata da 'ya'yana biyu. Wanda zai ɗora ni a kan jaki bai zo ba tukuna."

Baffa yana zaune. Sandarsa kawai yake jujjuyawa a ƙasa. Ni kuwa na nemi izini na tashi na nufi bakin rijiyar, ba don ina da wata dabara ba, sai don hannuna ya saba da taɓa abin da aka haƙo.

Ƙasar da suka fitar tana nan tsibi-tsibi, kowane kashi inda aka zuba shi, don haka ana iya bin ta daga farko har ƙarshe. Na fara da rairayin sama, irin na jigawa da muke shuka gyaɗa a kai. Bayansa jan marmara mai ramuka, wanda ake zubawa a hanyar mota. Sai yumɓu mai dabbare-dabbare, ja da ruwan toka da shuɗi-shuɗi, mai kauri sosai. Sai wata farar ƙasa mai laushi kamar alli, har matan ruga sun fara ɗiba suna shafe ɗaki. Ƙarƙashinta yashi ne da ya ɗan kama jikinsa, in ka matse shi ya ruguje. Daga ƙarshe na iske 'yan ɓallin dutsen da ya tsayar da aikin, baƙi-baƙi mai ruwan tsatsa, nauyi kamar ƙarfe. Na ɗauki ɗaya na tofa masa yawu na goge, na juya shi a rana. Nan take na gane abin da ke hannuna. Na cika aljihu na koma inuwar rumbu da sauri, na roƙi Inna a ɗauko mini ɗan dutsen niƙanta, wanda na san daga Birnin Kudu aka kawo shi.

Na ajiye su gefe da gefe a gaban Malam Idi. Na ce ya dubi na niƙan. Ƙwayoyinsa fari da baƙi da mai ƙyalli, kowace da kusurwa, sun shige cikin juna ba ƙofa. Wannan narkakke ne ya huce a can cikin ƙasa tun farkon zamani, shi ne duwatsun Birnin Kudu da na Fagam, shi ne uwar dutse, kuma gaskiyar Malam Idi ce, ƙarƙashinsa babu komai sai shi. Sannan na ɗauki ɓalli biyu na rijiyar na goga su da juna a kan tafin hannuna na zuba ruwa kaɗan. Tsatsar ta wanke, ƙwayoyi suka zube, mulmulallu kamar gero.

Na ce, "Malam, wannan yashi ne. Ruwa ne ya mirgino shi har ya mulmule. Wani kogi ne ya shimfiɗa shi a nan tun ba a yi mutane ba, daga baya tsatsar ƙarfe ta kama shi ta ɗaure. Irin wannan shimfiɗar ta taso ne daga gabas, malamanmu da sunan ƙasar Karekare suke kiranta, mu nan a bakin-bakinta muke. In kogi ne ya ajiye wannan, to akwai abin da ya fara ajiyewa kafin shi."

Malam Idi ya karɓi ƙwayoyin ya murza a yatsunsa, ya kai ɗaya baki ya ciza. Ya ce, "Yashi ne kam. Kaurinsa fa?"

Na ce ban sani ba.

"Ruwan fa? Ka tabbata yana ƙasa?"

Na ce, "Ban tabbata ba. Na dai tabbata ba mu kai ƙarshe ba."

Hamma Buba ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce, "Baffa, ka ji ko? Bai sani ba, bai tabbata ba. A kan wannan za mu zauna mu kalli shanu suna faɗuwa? Shi in abin ya ƙi, jirgi zai hau ya koma gidan lantarki. Mu fa?"

Maganar ta soke ni, domin akwai gaskiya a cikinta. Malam Idi ne ya raba mu. Ya ce shi ba ya yanke hukunci a kan ɓalli, in ina son a yarda da ni, in sauka in ga dutsen a mazauninsa. Ban taɓa shiga rijiya ba. Da rana ta take tsaka suka ɗaura mini igiya a ƙugu, na bi ramukan da aka sassara a bango ina sa ƙafa, Malam Idi yana ƙasa yana jirana. Wani daga sama ya riƙe madubin Hajara yana cillo mana hasken rana. Ina sauka ina ganin hawan nan suna wucewa ta gaban idona, jan, dabbare-dabbaren, farin, kowane da iyakarsa kamar an ja layi. A ƙasa iska ta yi nauyi, numfashi sai da ƙoƙari. Na durƙusa na share dutsen da hannu. A jikin yashin da ke kansa ga siraran layuka sun karkata gefe guda, irin waɗanda za ka gani in ka yanki rairayin kogi da rani. A cikin dutsen kansa ga 'yan tsakuwa farare masu santsi sun maƙale. Na kama hannun Malam Idi na ɗora a kai.

Ya shafa, sannan ya ce, "Tsakuwar rafi. Shekara nawa ina haƙa, ban taɓa zuwa gabas haka ba." Ya ɗaga kai ya dubi ɗan hasken da ke sama. "Zan fasa dutsen. Amma mutanena sun gaji, biyu sun ce gida za su. In kana so a fasa shi, kai ne na biyuna a nan ƙasa."

Da muka fito na gaya wa Baffa abin da na gani da abin da Malam Idi ya ce. Hutuna ba mai tsawo ba ne, kowa ya san haka. Baffa ya tambaye ni abu ɗaya.

Ya ce, "In na zauna, kana zaune?"

Na ce, "Ina zaune, Baffa."

Ya juya ga Hamma Buba ya ce ba zai hana shi tafiya ba, kuma ba zai ce ya yi laifi ba. Ya raba garken biyu da sandarsa, ya ba shi masu ƙarfin da za su iya hanya, ya riƙe masu ciki da tsofaffi da maruƙa. Ranar da za su tashi, Inna ta shiga ɗaki ta ƙi fitowa. Na raka Hamma har bayan gonaki. Da za mu rabu, ya ce in kula da wata jar saniya da ba ta shan ruwa in ana kallonta. Ya kaɗa shanunsa ya tafi, matarsa da 'ya'yansa a baya.

Saura Hajara. Ita 'yar Birnin Kudu ce, ba ta saba da zaman ruga ba, ga ciki. Na same ta tana tankaɗe na gaya mata cewa in ban koma a kan lokaci ba, wani za su sa a gurbina, gidan nan da famfon nan sun tafi ke nan. Ta ci gaba da tankaɗenta har na zaci ba ta ji ba.

Ta ce, "Keken ɗinkina da na baro can, ka sa a aiko mini da shi. Sauran su riƙe."

Na aika wa kamfani cewa ba zan samu dawowa ba sai abin da hali ya yi. Ba su jira ni ba, ban kuma ga laifinsu ba. Abin da ya rage a hannuna na albashi na kai Birnin Kudu na sayo siminti, domin Malam Idi ya ce in muka huda dutsen muka samu sakakken yashi, rijiyar za ta rufta mana in ba a ɗaure ta ba. Shi ya koya mini zuba zoben siminti, shi ya koya mini riƙon kurfi, wato ƙarfen da ake kafawa a dutse ana duka da guduma. Da farko ni ke riƙewa yana duka. Da hannuna ya faffashe ya warke ya yi kanta, muka riƙa karɓa-karɓa. Wani lokaci mu wuni abin da muka ɓalla bai cika guga ba. In numfashi ya fara gagara, na sama su ɗaura ganyen maina a igiya su yi ta ja da saki har iska ta sauko. Hannun da ya saba da madubi da alƙalami ya koma ba ya iya rufuwa da safe sai an gasa shi da ruwan zafi.

A sama kuwa shanu suna ta faɗuwa. Duk fitowar da zan yi, sai na ga Baffa a gindin tsamiya, ba ya tambaya, ni ma ba na cewa komai. Jar saniyar nan ta Hamma ta mutu a cikin kwanakin. Ranar na zauna a bakin rijiya na kasa sauka. Na fara tunanin ko dutsen nan ya fi tsawon mutum kauri, ko kuma mu fasa shi mu tarar da busasshen yashi, in zama na raba gida na kashe garke a kan abin da na gani a tafin hannu. Inna ce ta zo ta ajiye mini fura marar nono.

Ta ce, "Sha ka sauka. Mutumin nan yana ƙasa shi kaɗai."

Wata ranar Laraba da hantsi, ni ke duka, sai ƙarar ta canza. A da kamar ƙarfe yake amsawa, yanzu sai ya yi wani dum kamar an bugi tulu. Malam Idi ya ɗaga mini hannu. Ya karɓi gudumar ya yi bismilla ya buga da kansa, kurfin ya shige har kai. Da ya zare shi, bakinsa a jiƙe, da tsakuwa da yashi mai gwaɓi manne a jiki. Muka tsaya muna kallon ramin. Ruwa ya fara ɓuɓɓugowa yana fitowa, ba tsatsowa ba, turowa yake daga ƙasa, domin dutsen da yumɓun sun daɗe suna danne shi. Muka faɗaɗa ramin da sauri. Kafin mu tattara kayan aiki ya rufe idon sawu, kafin a sauko da igiya ya kai gwiwa, sanyi kamar ƙanƙara.

Malam Idi, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya kwarara ihu, "Ku ja! Ku ja yaron nan, ruwa zai ci mu!"

Yana ihun yana dariya. Ni aka fara fitarwa. Na fito jiƙe sharkaf har ƙirji, mutane suka ga rigar kawai suka gane. Mata suka ɗauki guɗa. Baffa ya taso daga gindin tsamiya a hankali, ya karɓi gugan farko, ya duba, ya ɗanɗana, ya juye a kwamin shayar da shanu ya ce a fara kawo maruƙa. Sai da suka sha ya yi alwala da na biyu.

Rijiyar nan ta riƙe abin da ya rage na garkenmu, ta riƙe rugage da ƙauyukan da ke kewaye har damina ta sauka. Malam Idi ya zauna a gabas shekara da shekaru yana haƙa irinta, in ya daki dutse ya aiko mini da ɓalli a ƙullin tsumma, wani in ce a fasa shi, wani in ce a naɗe igiya, domin ba ko'ina shimfiɗar ta kai ba. Daga baya na shiga aikin ruwa na gwamnati, a can na ƙare. Albashinsa bai kama ƙafar na mai ba, kun fi kowa sani, ku kuka yi tafiyar makaranta a ƙasa.

Hamma Buba bai dawo ba. Mun aika masa, saƙon ya same shi can hayin Binuwai bayan ya riga ya samu wuri ya kafa bukka. Shanunsa sun fi namu tsira, wannan ma ku sani, kada wani ya ce muku shi ne ya yi kuskure. Amma Inna ta rasu ba ta sake ganinsa ba, kuma 'yan'uwanku na can da ba ku san fuskokinsu ba, daga wannan rabon garken ne. Ina da hannu a ciki, kuma da za a maimaita, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Baffa bai taɓa ce mini na kyauta ba. Ba a yin haka a gidanmu. Amma bayan damina ta biyu, na bi shi kasuwar Gwaram, muka rabu a wajen masu dabbobi. Da na dawo nemansa, na hango shi a rumfar masu goro, dattawa sun kewaye shi, yana zane a ƙasa da sandarsa. Na matso ta baya na tsaya. Ji na yi yana cewa daga sama rairayi ne, sai marmara, sai farar ƙasa, sai yumɓu, sai wani dutse da ba dutse ba ne, yashi ne tsatsa ta kama, kogi ne ya ajiye shi tun kafin Annabi Adamu. Ya sa farar ƙasar a kan yumɓu, alhali a ƙarƙashinsa take. Ban gyara masa ba.

Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah. Kai kuwa wa ya gaya maka duk wannan?"

Baffa ya gyara rawaninsa ya ce, "Akwai wani yaro a gidanmu da ya yi karatun abin."

Sai ya waiwaya ya gan ni tsaye. Ya sa ƙafa ya share zanen, ya kau da kai.

Ya ce, "Manu, tsayuwar me kake yi? Je ka tayo mana kanwar shanu kafin kasuwa ta watse."